Taswirar wayata na ɓatar da ni: in sayi na'urar GPS daban?

Assalamu alaikum. Ni direba ne, ina yawan tafiya mai nisa. Shuɗin ɗigon nan da ke nuna inda nake a taswira yakan yi ta tsalle, wani lokaci ya ajiye ni a titin da ke gefe, wani lokaci ya daskare har in wuce kwanar da ya kamata in sha. An ce mini akwai 'yar na'urar GPS da ake haɗawa da waya ta Bluetooth. In saya?

Wa alaikumus salam. Malam direba, riƙe kuɗinka tukuna. Abubuwa da yawa ne ke sa ɗigon nan tsalle, kuma na'urar waje ba dukkansu take magancewa ba. Sai ka gano wanne ne naka.

In wayarka Android ce, sauke manhajar GPSTest, kyauta ce. Ka tsaya a fili inda babu rufi babu bishiya a kanka, ka ba ta minti biyar. Za ta jero maka taurarin ɗan'adam da wayar ke ji, da waɗanda take aiki da su, da ƙarfin siginar kowanne. Taurari 4 ne mafi ƙarancin abin da waya ke buƙata ta lissafa inda take, amma wayar zamani a fili takan ji fiye da 20, domin ba GPS na Amurka kaɗai take saurare ba, har da GLONASS na Rasha, da Galileo na Tarayyar Turai, da BeiDou na Sin. A irin wannan fili kuskurenta bai cika wuce mita 5 ba. Riƙe alƙaluman da ka gani, ka shiga mota, ka sa wayar inda ka saba ajiye ta, ka sake dubawa.

Idan alƙaluman sun zube da shigarka mota, matsalarka ta wurin ajiya ce. Siginar daga nisan kilomita 20,200 take saukowa, kafin ta iso ta galabaita, rufin ƙarfe kuwa tare ta yake gaba ɗaya. Wasu gilasan gaba masu hana zafi da wasu ledojin tintak akwai ƙarfe a jikinsu, su ma suna cinye ta. Fara da matsar da wayar can gaba kusa da gilashi. In hakan bai wadatar ba, to nan ne na'urar waje ke da rana: ita ka ɗora ta inda take ganin sama sosai, wayar kuma ta zauna inda idonka ke kaiwa, a inuwa, ba ta gasuwa a rana.

Idan kuwa a fili ma abin bai yi kyau ba, leƙa saitin wayar. Tun daga Android 12 da iOS 14 ana iya ba manhaja izinin sanin yankin da kake kawai, ba ainihin inda ka tsaya ba, kuma mutane da yawa sun danna wannan ba su lura ba. Tsarin tsimin batir shi ma yakan sa ɗigon ya daskare. In kibiyar ce ke kallon wani wajen alhali kana tsaye, wannan aikin kamfas ɗin wayar ne, kuma mariƙin waya mai maganaɗisu yakan rikita shi.

Saura tsalle a tsakiyar dogayen gine-gine. A can siginar na bugun bango ta dawo kafin ta iso gare ka, sai wayar ta ɗauka tauraron ya fi nisa. Abin da ke rage wannan shi ne sauraron nau'in sigina biyu da taurarin ke turowa a lokaci guda, waɗanda ake kira L1 da L5. Xiaomi Mi 8 ce ta fara zuwa da wannan a 2018, iPhone 14 Pro ta biyo a 2022, yanzu wayoyi da dama suna da shi. Abin da masu talla ba sa faɗa shi ne yawancin ƙananan na'urorin Bluetooth da aka daɗe ana sayarwa L1 kaɗai suke ji. Mai sabuwar waya zai iya sayen na'urar da wayarsa ta fi ta ji a cikin gari.

Inda na'urar ta yi wa waya fintinkau shi ne saurin sabunta wuri. Waya sau ɗaya take lissafi a daƙiƙa. A gudun kilomita 100 a awa, mota na cin kusan mita 28 a daƙiƙa guda. Na'ura irin Garmin GLO 2 ko Dual XGPS160 sau 10 take yi. Wannan ya dami matuƙin ƙaramin jirgi da mai tseren mota. Kai da ke bin babban titi, manhajar taswira na cike wannan giɓin da kanta, da wuya ka ga bambanci.

Wani mai tambaya ya ce: Na riga na sayi na'urar. Wayata Android ta ce ta haɗu da ita ta Bluetooth, fitilarta na ƙyaftawa, amma taswira ba ta canza ba. Ko jabu aka sayar mini?

Da wuya. Haɗuwa ta Bluetooth rabin aikin ne. Na'urar tana turo bayanai jere-jere a tsarin da ake kira NMEA 0183, amma Android ba ta karɓarsu da kanta ta miƙa wa taswira. Sai an sa manhaja a tsakani, wadda za ta karanta su ta gaya wa wayar ga inda take, kuma sai ka ba wayar izinin yarda da ita.

Sauke ɗaya daga cikin manhajojin da ke wannan aiki, irin su Bluetooth GNSS ko GPS Connector, ko wadda kamfanin na'urar ya tanada. Shiga saiti, wajen bayanin waya, ka nemi “Build number”, ka danna shi sau 7 a jere. Wayar za ta nemi lambar buɗe allo, sannan sabon sashe mai suna “Developer options” ya bayyana. A cikinsa akwai “Select mock location app”, sai ka zaɓi manhajar da ka sauke. Koma cikinta, ka nuna mata na'urar, ka kunna. Kada ka taɓa sauran maɓallan wannan sashe, ba naka ba ne.

Hanyar tabbatarwa mai sauƙi ce: bar wayar a ɗaki, ka kai na'urar bakin taga ko waje, 'yan mitoci kaɗan. In ɗigon ya bi na'urar, aiki ya kammala.

Abu biyu za su iya ba ka haushi daga baya. Na farko, wayoyi da yawa suna kashe manhajar da ke aiki a bayan fage da zarar allo ya mutu, don haka ka cire wannan manhaja daga tsimin batir, in ba haka ba tsakiyar tafiya za ta yanke. Na biyun ya fi muhimmanci. Ƙofar da ka buɗe ita ce dai wadda masu ƙaryar wuri ke bi, saboda haka wasu manhajojin banki, da na hayar mota, da wasu wasanni, in suka ga alamarta sai su ƙi aiki, wasu ma su dakatar da asusu. Duk wanda abincinsa ke cikin irin wannan manhaja, ya karanta ƙa'idojinta kafin ya kunna, ya kuma kashe in ya gama tafiya.

Wani abin da ke sa mutane yanke hukunci da wuri shi ne jinkirin farko. Waya tana samo jadawalin taurari ta intanet cikin ƙiftawar ido. Na'urar waje kuwa daga bakin taurarin take karɓa, su kuma a hankali suke magana, bit 50 a daƙiƙa. Yawanci minti ɗaya ko biyu ya isa, amma sabuwa fil ko wadda ta daɗe a ajiye tana iya ɗaukar fiye da haka, tunda cikakken jadawalin minti 12 da rabi yake ɗauka kafin ya gama sauka. Ajiye ta a fili ka bar ta, kada ka yi ta kashewa da kunnawa.

Wata kuma ta ce: Ina da iPad wadda ba ta ɗaukar layi. A gida tana nuna inda nake daidai, da na fita da ita a mota sai ta ɓace. Mijina ya ce in sayi kowace na'ura mai araha.

Hajiya, ke ce mai buƙatar na'urar da gaske. iPad marar layi ba ta da GPS a cikinta sam. Abin da kike gani a gida kintace ne daga Wi-Fi ɗin da ke kewaye da ke. Sai dai a nan maigida bai yi daidai ba. Apple ba ya barin kowace na'urar Bluetooth ta ba wa tsarinsa wuri, sai wadda ya amince da ita ƙarƙashin shirinsa na MFi. Garmin GLO 2, da na Dual, da na Bad Elf suna ciki. Ki duba jikin kwalin, ya rubuta cewa an yi ta don iPhone da iPad. Daɗin abin, da kin haɗa ta Bluetooth shi ke nan, duk manhajojin taswira za su ɗauka, babu dogon saitin da masu Android ke sha.

Wani ya tambaya: In na sayi na'urar, zan daina buƙatar data?

Sanin wuri dama bai taɓa buƙatar data ba, ko a wayar. Taswirar ce ke buƙata, kuma na'urar ba ta zuwa da taswira, lambobi kawai take turowa. Sauke yankin da za ka tun kana da intanet. Google Maps na ba da wannan dama, OsmAnd da Organic Maps kuma dama don haka aka gina su, a kan taswirar OpenStreetMap. Abin da za ka rasa shi ne labarin cunkoso.

Wani kuma ya ce: Ina so in auna iyakar gonata da kaina in kafa duwatsu. Wace na'ura ce za ta ba ni daidai?

Ya danganta da abin da kake nufi da daidai. In so kake ka san faɗin gonar don lissafin iri da taki, wayarka ma ta isa, ka zagaya sau biyu ka kwatanta. Ƙananan na'urorin Bluetooth kan sauko da kuskure zuwa mita 2 ko 3, musamman inda ake samun siginar gyara irin WAAS a Arewacin Amurka, EGNOS a Turai, ko GAGAN a Indiya. Kada rubutun kwali ya ruɗe ka, in ba ka cikin yankin da suke rufewa, wannan alkawarin bai shafe ka ba.

Mita 3 a kan iyaka kuwa rigima ce da maƙwabci. Abin da ke kaiwa santimita shi ne tsarin RTK: na'ura mai jin nau'in sigina biyu, kamar masu guntun u-blox ZED-F9P, da eriya babba a kan sanda, da kuma tashar gyara a kusa wadda aka san wurinta sarai, tana turo gyara ta intanet ko ta rediyo. Wayar a nan allo ce kawai. In babu tashar, na'urar mai tsada ma komawa take yi wajen mita guda ko fiye. Kuma ko ka samu santimitar, awon da ka yi da hannunka ba ya zama hujja a takarda. Don kafa dutsen iyaka, ɗauko safiyo mai lasisi, ka kira maƙwabcinka ya tsaya a wurin ranar awon.