Amsa kan sunan Pontifex da ke shafin Fafaroma

Assalamu alaikum jama'a. Ƙanena, na saurari tambayarka kan dalilin da ya sa shafin Fafaroma na X yake ɗauke da sunan Pontifex, na kuma ji amsar da aka ba ka cewa coci ce ta ƙirƙiro kalmar. Wannan amsa ba ta tsaya ba, domin kalmar ta girmi addinin Kirista da ɗaruruwan shekaru.

A tsohon birnin Rum, pontifex shi ne ɗan majalisar limaman da ke kula da addinin gargajiya na gari, shugabansu kuma ana ce masa pontifex maximus. Wani masanin Rum mai suna Varro ya ce ma'anarta mai gina gada, saboda tsohuwar gadar katako da ke kan kogin Tiber, ko da yake tun a wancan zamani akwai waɗanda ba su gamsu da wannan bayani ba. Ni abin da nake so ku lura da shi shi ne ƙarfin kujerar. Lissafin watanni a hannun waɗannan limamai yake, su ke yanke shekarar da za a ƙara wa wata, kuma sukan tsawaita shekara ko su ƙi, gwargwadon ɗan siyasar da suke so ya daɗe a kan mulki. Yuliyus Kaisar, shahararren shugaban Rum, ya ci zaɓen kujerar pontifex maximus a shekara ta 63 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma da ikonta ya gyara kalandar da ta karkace har watanni suka daina dacewa da lokacin shuka da girbi. Sai da shekara ta 46 kafin haihuwar Annabi Isa ta kai kwana 445 kafin lissafi ya daidaita. Wannan fa ba ƙaramin iko ba ne.

To, in koma kan tambayarka. Agustas, sarkin daular Rum na farko, ya karɓi kujerar a shekara ta 12 kafin haihuwar Annabi Isa, sarakuna suka yi ta riƙe ta har sarki Gratian ya ajiye ta a ƙarshen ƙarni na 4. A wannan zamani ne Jerom, malamin Kirista da ya fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Latin, ya kira Kayafa, babban limamin Yahudawa a zamanin Annabi Isa, pontifex, inda fassarar Hausa ta ce babban firist. An kira bishop-bishop da wannan kalma, daga baya ta fi zama a kan na Rum, kuma daga ƙarni na 15 ake sassaƙa pontifex maximus a gine-ginen fafaromomi.

Daga nan Italiyanci ya samu pontefice, Sifaniyanci pontífice, Faransanci pontife, Ingilishi pontiff. Faransawa da Turawan Ingila har sun samar da aikatau daga gare ta da suke faɗa wa mai magana da isa kamar ba ya kuskure. Shafin da ka gani kuwa, Fafaroma Benedict na 16 ne ya buɗe shi a watan Disamba na 2012.