Amsa ga 'yar'uwar da tsoron gobe ya hana barci

'Yar'uwa, sannu da rashi, Ubangiji ya ta'azantar da ku. Kin ce tun da ƙaninki ya rasu a hatsarin mota yana ɗan shekara 24, kin kasa sakin jiki, kina tambaya ta yaya za ki dogara ga Allah alhali rai ba tabbas.

Kada kowa ya ce miki kukanki rashin bangaskiya ne. Yesu kansa ya yi hawaye a kabarin Li'azaru, ga shi a Yahaya 11:35, kuma ya san zai tashe shi.

Littafi Mai Tsarki bai taɓa yi mana alkawarin tsawon kwana ba. Yakubu 4:14 ya kamanta ranmu da hazo mai watsewa. Amma ki duba Fitowa 16. Manna ta yini ɗaya Isra'ilawa ke tsinta, wanda ya ɓoye ta kwana sai ta yi tsutsa ta yi wari. A ganina nan damuwarki take: kina neman ƙarfin shekara goma a daren yau, Allah kuwa na yau yake bayarwa.

In barci ya ƙi, karanta Zabura 121 da murya. Kuma don Allah kar ki janye daga zumuntar mata, ki bari su zo su zauna da ke.