Su Wane Ne Gwanayen Real Madrid Biyar a Tarihi?

Tambaya: Malam, kullum muna musu a majalisarmu a kan 'yan wasa biyar da suka fi kowa a tarihin Real Madrid. Ni na ce Cristiano Ronaldo ne na ɗaya, Zidane na biyu. Mene ne ra'ayinka?

Amsa: Ma'aunin da ya dace a nan shi ne abin da ɗan wasa ya yi wa kulob ɗin sanye da rigarsa, ba girman sunansa a duniya ba, kuma idan aka bi wannan ma'auni, Alfredo Di Stefano ne a gaba.

Lokacin da ya iso Madrid a 1953, shekara 20 ke nan rabon kulob ɗin da kofin La Liga, wanda sau biyu kacal ya taɓa ɗauka, a 1932 da 1933. A kakarsa ta farko suka lashe gasar, kuma kafin ya tafi a 1964 ya ɗauke ta sau takwas. Ya ci kofin Turai, wanda yanzu ake kira kofin Zakarun Turai, sau biyar a jere, daga 1956 zuwa 1960, babu kuma wasan ƙarshe ko ɗaya a cikin biyar ɗin da bai zura ƙwallo a raga ba. A na 1960, da suka lallasa Eintracht Frankfurt da ci 7 da 3 a birnin Glasgow, shi ya ci uku, abokin wasansa Puskas ya ci huɗu. Sunansa ɗan wasan gaba, amma yakan koma har gaban golansa ya karɓo ƙwallo, ya rarraba ta a tsakiya, sannan ya bi ta ya ƙarasa. Masu cewa gasar kofin Turai ba ta da yawan kulob a wancan zamani sun yi gaskiya, domin 16 ne suka shiga ta farko, sai dai tun daga zagayen farko wanda aka ci ya fita, kuma ba a canjin ɗan wasa ko da ya ji rauni.

Ronaldo ne na biyu. Ƙwallo 450 a wasa 438 tsakanin 2009 da 2018, da kofin Zakarun Turai huɗu, ba abin wasa ba ne, amma La Liga biyu kawai ya ci a kaka tara, kuma gida ginanne ya tarar ya ɗora masa bene.

Na uku Francisco Gento ne, mai buga gefen hagu, wanda matasa ba su cika ambata ba alhali yana da kofin Turai shida da La Liga 12. Luka Modric, mai kofi 28 da kyautar Ballon d'Or ta 2018, shi ne na huɗu. Matsayi na biyar ne mai wuya, domin Benzema ya fi Raul yawan ƙwallaye, 354 da 323, amma na zaɓi Raul saboda wasa 741 da ya buga, wanda babu wanda ya kai shi.

Shi kuwa Zidane, kaka biyar ya buga, ya ci La Liga ɗaya da kofin Zakarun Turai ɗaya, wanda ya ciyo da ƙwallon nan da ya ɗauke a sama da ƙafar hagu a ragar Bayer Leverkusen a 2002. Kofunan Turai uku da ya ɗauka a jere daga 2016 zuwa 2018 yana koci ne, don haka a jerin masu horarwa za a lissafa masa su.