Tambaya da Amsa: Wutar kwal tsakanin Sin da Indiya, yaya ake awo?

TAMBAYA: Na ga alƙaluma iri biyu kan ƙarfin tashoshin lantarki masu ƙona kwal a Indiya, kuma sun sha bamban. Wanne ne daidai? Kuma ta yaya zan gwada su da na ƙasar Sin ba tare da na yi kuskure ba?

AMSA: Malam, mai yiwuwa duka biyun daidai ne, mudun awon ne ya bambanta. Alƙaluman da gwamnatin Indiya ta saba fitarwa na tashoshin da ke ba jama'a wuta ne. Masu bin diddigi irin su Global Energy Monitor kuwa suna haɗawa da tashoshin da masana'antun ƙarfe da alminiyam suka gina don amfanin kansu, muddin injin ya kai megawat 30. Shi ya sa nasu lissafin ke ɗarawa.

Ko da wane mudu aka auna, tazarar a fili take. A shekarar 2024 tashoshin kwal masu aiki a Sin sun haura gigawat 1,100, na Indiya kuma sun haura 200. Gigawat ɗaya megawat 1,000 ne. Ke nan Sin ta ninka Indiya kusan sau biyar, alhali kowaccensu na da mutane kimanin biliyan 1.4. Tashar Tuoketuo da ke yankin Mongoliya ta Ciki a Sin ita kaɗai megawat 6,720 ce, babbar ta Indiya kuma, Vindhyachal a jihar Madhya Pradesh, 4,760.

Amma inda mutane suka fi tuntuɓe shi ne ɗaukar wannan adadi a matsayin wutar da aka samar. Adadin yana nuna iyakar abin da injin zai iya bayarwa ne idan an sakar masa mara. Don gano ainihin wutar, sai ka ninka ƙarfin tashar da sa'o'in shekara, wato 8,760, sannan ka ninka da kason iyawarta da ta yi amfani da shi a shekarar. Tashoshin Sin a shekarar 2024 sun ɗan wuce rabin iyawarsu ne kawai, na Indiya kuwa sun kusanci kashi 70 cikin ɗari. Ɗauki tasha mai megawat 1,000. In ta yi aiki da kashi 53, za ta ba da kimanin kilowat-awa biliyan 4.6 a shekara. In da kashi 69 ne, za ta haura biliyan 6. Inji iri ɗaya, amma amfanin ya bambanta ƙwarai. Indiya ma ta fi dogaro da kwal: a 2024 fiye da kashi 70 na lantarkinta daga gare shi ya fito, a Sin kuwa wajen kashi 60.

Sai a kula da cewa tasha tana cin wani ɓangare na wutar da take samarwa. Injinan niƙa kwal, famfunan ruwa da fankokin hura tukunyar tururi sukan lashe kashi 6 zuwa 10. Saboda haka ka duba ko adadin kafin a cire wannan ne ko bayan an cire. Kwal ɗin Indiya kuma toka ta yi masa yawa, sau da yawa fiye da kashi 30, tokar na cinye bututun tukunya har a tsayar da inji don gyara.

Kalmar "mai aiki" ita ma a yi hattara da ita. Tashar da ake kan ginawa, da wadda aka rufe aka jingine, ba sa shiga lissafi. Wadda ke cikin lissafin ma tana iya zama shiru. A Oktoban 2021 kwal ɗin da ke ajiye a tashoshin Indiya da dama bai wuce na 'yan kwanaki ba, a Sin kuma tsadar kwal ta sa aka yi ta ɗauke wa masana'antu wuta a watan Satumban shekarar.

Kwanan wata kuma a daidaita shi: shekarar lissafin Indiya tana ƙarewa ne ranar 31 ga Maris, ta Sin a ƙarshen Disamba.