Amsa ga mai tambaya kan tiyatar tonsil ɗin ɗanta

'Yar'uwa, sannu da jinya, Allah ya ba yaron lafiya. Kin ce ɗanki mai shekara 5 yana minshari, yana barci baki buɗe, likita ya ce a cire masa tonsil, wato tsokoki biyun nan da ke gefe da gefe a cikin maƙogwaro, ke kuma tsoro ya hana ki amincewa.

Ciwon maƙogwaro kaɗai ba ya sa a yi tiyata, sai in yana yawan dawowa. Ma'aunin da likitoci suka fi bi shi ne ciwon ya taso sau 7 a shekara guda, ko sau 5 kowace shekara har shekara biyu, ko sau 3 kowace shekara har shekara uku. Ni dai minsharin nan ya fi tsaya mini a rai. Ki zauna kusa da shi da dare ki saurara. In numfashinsa yana ɗaukewa na wasu daƙiƙoƙi sannan ya zabura, to galibi tonsil ɗin ko tsokar bayan hanci ce ke toshe hanyar iska, kuma wannan kaɗai ya isa dalili. Ki ɗauki bidiyonsa a waya ki nuna wa likitan kunne, hanci da maƙogwaro.

Ta baki ake aikin yana cikin barcin magani, ba a yanka wuya. Warkewa takan kai mako biyu, wani lokaci har kunne ya yi zafi. Ya riƙa shan ruwa sosai, kada a ba shi asfirin. Tsakanin kwana 5 zuwa 10 ɓawon wurin ke faɗuwa. In kika ga jini a bakinsa, ko kaɗan ne, ku koma asibiti nan take.