Ta wace ƙofa ake shiga sojan ƙundumbala?

Tambaya: Malam, ni matashi ne daga Fagge, na gama sakandare, kullum ina ɗaga ƙarfe. Burina in zama sojan ƙundumbala. Ina ake yankar fom ɗinsu, kuma mene ne ainihin aikinsu?

Amsa: Ƙanena, ƙundumbala ba ta da fom. Sai ka fara zama soja tukuna, ko kurtu ta Defo ɗin Zariya, ko hafsa ta NDA a Kaduna. Daga cikin masu kaki ake tace su. Sojan ƙasa na da makarantarsu a Buni Yadi ta jihar Yobe, sojan ruwa kuma na da tasu rundunar mai suna SBS.

Ƙarfen da kake ɗagawa ba laifi, amma ba ƙwanji ake nema ba, juriya ake nema. Dubi SEAL, ƙundumbalar sojan ruwan Amurka, da aka kafa a 1962. A horonsu akwai wani mako na kwana biyar da rabi, barcin da mutum zai samu gaba ɗaya bai wuce awa huɗu ba. Jiki a jiƙe da ruwan teku mai sanyi, yashi har cikin kunne, ga kwalekwalen roba a ka ana gudu. Akwai ƙararrawa a rataye, wanda ya gaji ya kaɗa ta sau uku, ya ajiye hular kwanonsa, shi ke nan. Akasarinsu ta nan suke fita, har da ƙarti majiya ƙarfi.

Aikinsu kuwa na mutum kaɗan ne: leƙen asiri a bayan abokan gaba, kamo wani jigo, ceto waɗanda aka yi garkuwa da su. A Oktoban 2020 SEAL suka diro da laima cikin dare a arewacin Najeriya, suka kuɓutar da wani Ba'amurke da aka sato daga kusa da Birnin Konni. Amma ina so ka tuna da Mabera a Sakkwato, Maris 2012, inda dakarun Ingila da namu suka je ceto wasu Turawa biyu, masu garkuwar suka kashe su kafin a kai gare su. Wannan rana tana ci mini rai har yau. Jarumta ba ta yi ƙaranci ba, amma a irin wannan aiki minti kaɗan da sahihin labari su ke raba rai da mutuwa.

In da gaske kake, rage ƙarfen nan, ka kama gudun asuba da jaka a baya, ka kuma koyi iyo. Yawancinmu 'yan Kano a nan muke faɗuwa.