Amsoshin Tambayoyinku: Tsohuwar Motar Tafi-da-gidanka da Bawul ɗin Daidaita Tsayi

Mu Hausawa mun daɗe muna liƙa wa wayar hannu sunan tafi-da-gidanka, alhali ga mai sunan na ainihi can a Amurka: mota ce da gado da madafa da banɗaki a cikinta, mutum ya ja abarsa ya kwana inda dare ya yi masa. Wasiƙun wannan mako galibi daga 'yan'uwa ne mazauna can da suka sayi tsofaffin irin waɗannan motoci, masu zama a kan balan-balan ɗin iska maimakon sifirin, kuma duk kukansu a kan ƙaramin abu ɗaya ya taru: bawul ɗin daidaita tsayi.

Daga Greensboro: "Na sayi GMC ƙirar 1975, mai tsawon ƙafa 26. In na ajiye ta da yamma tana tsaye daram, da safe sai in tarar ɓangaren hagu na baya ya zauna. An ce bawul ne. In sayi sabo?"

Ɗan'uwa, mayar da kuɗinka aljihu tukuna. Ka sayi mota mai tarihi. Daga 1973 zuwa 1978 kawai aka ƙera ta a garin Pontiac na jihar Michigan, ba su kai 13,000 ba gaba ɗaya, kuma tayoyin gaba ne ke jan ta, da injin Oldsmobile irin na motar Toronado. A baya tayoyi biyu ne a jere kowane gefe, da balan-balan ɗaya kwance a tsakaninsu, kowanne da bawul ɗinsa.

Shi bawul ɗin nan ba shi da wayo ko kaɗan. Yana ɗaure a jikin shasi, yana da hannu, hannun kuma an haɗa shi da sanda zuwa ƙarfen da ke riƙe da taya. In an yi lodi mota ta nutse, sandar ta tura hannun sama, sai ya buɗe wa iska ta shiga balan-balan. In an sauke kaya mota ta ɗaga, hannun ya yi ƙasa, sai ya saki iska waje. In hannun yana tsakiya, ya yi tsit. Iyakar aikinsa ke nan. Shi ya sa duk lokacin da mota ta kwana a karkace nake cewa kada a bar jaki a daki taiki. Roba ce da ta ba shekara 40 baya, da tiyo, da mahaɗai, kowannensu na iya yin yoyo.

In taka tana da maɓallan nan biyu na kusa da direba, masu wurin ɗagawa da saukewa da riƙewa da tafiya, to gwaji a hannunka yake. Bari ta tashi daidai, ka juya su zuwa riƙewa, ka je ka kwanta. A wannan matsayi an cire bawul ɗin tsayi daga lissafi. In da safe ta sake zama, yoyon yana balan-balan ko tiyonsa ko maɓallin kansa. In ta kwana a tsaye, sai mu fara zargin bawul da hanyar da ke kawo masa iska. Daga nan ka kaɗa ruwan sabulu a kwalbar feshi, ka bi kowane mahaɗi kana fesawa. Babban yoyo kumfa yake yi manya-manya, ƙarami kuwa sai ka yi haƙuri na 'yan mintoci ka ga wani farin kumfa mai laushi ya taru kamar na tafasar madara. Fesa a bakin da bawul ke fitar da iska ma. In hannun yana tsakiya amma bakin yana kumfa, to ka kama ɓarawonka, je ka saya. Amma kafin ka cusa ko da hannu a wurin tayar nan, karanta amsar da na ba Hajiya a ƙasa.

Daga Columbus: "Ina so in ƙara mata tsayi kamar inci 3 don ta yi kwarjini, kuma kada ta riƙa gugar ƙasa. Wane noti zan juya?"

Babu wanda za ka juya. Kwarjini a mota mai shekaru irin nata? Waɗanda suka ƙera ta sun rubuta tsayinta a littafi ba don nishaɗi ba. A GMC, ana aunawa daga ƙasa zuwa saman wani rami mai siffar ƙwai a jikin shasi: inci 13 da 1/8 a gaba, inci 11 da 11/16 a baya, kuma kuskuren da aka yarje maka kwatan inci ne. Kai kana maganar inci 3. Ka ɗaga baya, sitiyari ya fara yawo a hanya don kusurwar tayoyin gaba ta canja. Shokozoba ta miƙe har ƙarshenta tana dukan kanta. A manyan bas masu inji a baya kuwa, farfela, wato sandar da ke kai ƙarfin inji ga tayoyi, gajera ce, tsayi na canjawa kusurwarta ta karye, sai jijjiga, sai mahaɗanta su cinye. Garin neman gira ka rasa ido. In za ka haye wani tudu a bakin gida, maɓallin ɗagawa na nan, ka ɗaga ka wuce a hankali ka mayar.

In kuma tsayin ne ya kauce kana so ka maido shi daidai, wannan magana ce ta hankali. Nemi fili shimfiɗaɗɗe, iskar tayoyi daidai, tanki cike har gejin iska ya nuna tsakanin psi 100 da 120, ka datse tayoyi da katako. Sassauta notin da ke kan hannun bawul, ka motsa shi kaɗan ƙwarai, ka ɗaure, ka jira. Tsofaffin bawul da yawa an yi su da jinkiri na 'yan daƙiƙoƙi da gangan, don kada su riƙa shaƙa da fesarwa a kowane rami na hanya, saboda haka mai gaggawa sai ya zaci ya mutu ya ƙara murɗawa. Kullum ka sauke motar ƙasa da awon ka bar ta ta hau da kanta zuwa gare shi. Gama da baya kafin ka taɓa gaba. Sannan ka zaga unguwa ka dawo ka sake aunawa, don ƙarafan nan sai sun motsa suke zama a mazauninsu. Sau biyu ko uku za ka yi haka, kada ka ji haushi.

Daga Bronx: "Na ga bawul a intanet, guda 4 a kuɗin guda ɗaya na kanti. Hoton iri ɗaya ne sak. Me zai hana?"

To, an zo wurin. Ƙanena, kai da ka taso a inda mai kayan gyara zai tambaye ka "orijinal kake so ko ɗaya ɗin?", ya kuma ɗauko maka su biyun daga kwali iri ɗaya, kai ne za ka ce min hoto iri ɗaya ne? Hoto ai dole ya zama iri ɗaya, don hoton ake sayarwa. Ganin kitse kake wa rogo.

Abin da ke sa bawul ya zama bawul ba a ganinsa a hoto. Yana ciki: ɗan faifai ko ɗan allura da aka goge ya zauna cif a mazauninsa, da zoben roba da zai jure zafin bazara da sanyin da ke daskarar da ruwa, da faɗin wurin da hannu zai yi wasa a tsakiya ba tare da iska ta motsa ba. In wannan wurin ya yi faɗi, yau motarka tana nan, gobe tana can, ka auna har ka gaji ba za ta tsaya a awo ɗaya ba. In ya yi ƙunci, ko mazaunin bai rufe ba, sai bawul ya yini yana shaƙa yana fesarwa, kwamfaresa ta yini tana aiki. A GMC ƙaramar kwamfaresa ce ta lantarki, ba a yi ta don aikin yini ba. Ka tsira da kuɗin bawul, ka biya na kwamfaresa.

Shekarun baya, ina gareji a gida, an kawo mana wata doguwar bas da ta zauna a gefe ɗaya a tsakiyar hanya da fasinja cike. Mai ita ya sa sabon bawul bai fi wata biyu ba, kwalinsa ma yana cikin aljihun mota, da tambari mai ƙyalli. Da na kwance shi, hannun ya kwance daga sandar tsakiya yana juyawa fayau kamar hannun agogon da ya lalace, ƙarfen kuwa da farce kake kankare shi. Yaran mota sun ɗaure shi da robar tsohon tif don su ƙarasa tasha. Balan-balan ɗin gefen ya naɗe ya gogu har zaren ciki ya fito. Mutumin ya tsaya yana lissafi da yatsa: balan-balan, kuɗin da ya mayar wa fasinja, kwana uku ba lodi. Bai ce komai ba, ni ma ban ce ba.

Abin da ke ba ni haushi shi ne mutum ya kashe dubban daloli a fenti da labule da talabijin, ya zuba mai a injin da ke sha kamar raƙumi, amma abin da ke riƙe da nauyin motar gaba ɗaya, wanda kuɗinsa bai kai na tayar babbar mota guda ɗaya ba, a nan ne zai tuna tattali. Araha ba ta ado. Akwai kamfanonin da suka daɗe a wannan sana'a, irin su Haldex da Hendrickson da Barksdale da Hadley. Amma sunan a kan kwali ma ba hujja ba ne, don masu jabu sun fi kowa iya buga suna. Sayi a kantin kayan manyan motoci mai adireshi, wanda zai ba ka rasit ya kuma karɓa in ka mayar. Tafi da tsohon a hannunka a gwada tsawon hannu da girman bakunan. In na dama da na hagu ne, sa iri ɗaya, kada ka haɗa mai jinkiri da mai amsawa nan take, su yi ta jayayya a ƙarƙashinka. Tiyo ma haka. Na iskar birki ake sawa, na nailan, mai rubutun DOT da J844 a jikinsa. Wanda ya sa tiyon ruwa na kantin kayan gini kada ya rubuto min.

Wata uwargida daga Maryland: "Maigidana ya sayi tsohuwar bas ta GM ƙirar 1964 da aka mayar gida. Duk Asabar yana ƙarƙashinta yana gyaran iska, ni kuwa gabana faɗuwa yake yi. In na yi magana sai ya ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Ko tsoron banza nake?"

Hajiya, ba tsoron banza kike ba, kuma Allah ya saka miki da kika rubuto. Ki kwantar da hankalinki, abin yana da magani kuma ba shi da tsada. Irin motar da kika kwatanta nauyinta tan 10 ne ko fiye, kuma abin da ya raba cikinta da ƙasa iska ce kawai. In tiyo ya fita, ko gwiwar hannu ta bugi hannun bawul, ko kuma shi da kansa ya cire sandar don ya gwada, saukowa take yi, kuma ƙasan bas ɗin nan ba ya barin wurin da ƙirjin mutum zai shiga. Makanikai masu shekaru a aiki sun rasa rayukansu a haka.

Kada ki ce masa ya daina, ba zai daina ba, kin fi ni sanin halin maza da ƙarfe. Ki ce masa ni na ce ya tokare jikin motar a wuraren da littafinta ya nuna, da matokaran ƙarfe da aka rubuta nauyin da suke ɗauka, ko gungumen katako mai ƙarfi da aka jera a gicciye. Ban da bulon siminti, fashewa yake yi ba sallama. Ban da dogaro da jek shi kaɗai. Bayan ya tokare, ya saki iskar gaba ɗaya yana tsaye a waje, ya ga motar ta zauna a kan matokaran ba ta motsa ba, sannan ya shiga. In ya sake kawo maganar tsautsayi, ki tuna masa cewa an ce a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali. Kuma kada ya shiga sai da wani a gida. Ki sayo matokaran da kanki ki ajiye masa a bakin motar, kunya ma za ta sa ya yi amfani da su.

Daga Kano: "Ni ba ni da motar gida, doguwar bas nake da ita mai balan-balan. Bawul ɗina uku ne, ɗaya gaba biyu baya. Yarona ya ce a ƙara na huɗu, kuma a ɗura musu baƙin mai su yi laushi."

Alhaji, abin da ke ƙarƙashin taka ɗan'uwan nasu ne, duk abin da na faɗa a sama ya shafe ka. Uku ɗin nan ba rowa ba ce. Murhu ma duwatsu uku ne, shi ya sa tukunya ba ta rawa a kansa ko ƙasa ba ta daidaita ba. Ka sa huɗu, a wuri mai gargada sai kusurwa biyu su ɗauke nauyi su murɗe jikin mota. Bar ta yadda aka ƙera ta.

Baƙin mai kuwa kumbura robar ciki yake yi, ya kama ƙura ya zama taɓo. Abin da bawul ke so iska ce busasshiya. Sa yaron ya riƙa buɗe magudanar ƙasan tanki kullum bayan an tashi aiki, musamman da damina. In ruwa zalla ya fito, ya tsiyaye shi har ya ƙare. In ya fito da mai-mai, launin toka kamar kunun kanwa, to kwamfaresa ce ke tura mai, ita za ku fara dubawa kafin ku sake sayen ko da bawul ɗaya.